Shagon Baba na Kongo: ku sayi cikakken hukunci, ku bar 'yar taƙaitawa

Duk ɗalibin lauya da ya yi ko da zango ɗaya a Kongo, harabar Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ya san shagon Baba. Ba shi da allo, ba shi da suna a rubuce. Ɗaki ne guda mai ƙofar ƙarfe, da rumfar kwano a gaba, da benci biyu, da injin fotokwafi da yaron shago ke dannawa tun safe har isha'i. Sababbin ɗalibai suna yawan tare ni da tambayar inda za su samo shari'o'in da malamai ke jerowa a allo, shi ya sa na ga gara in rubuta abin da na sani game da wurin, mai daɗi da marar daɗi. Ina aji huɗu, a ɓangaren da ake haɗa dokar boko da shari'ar Musulunci, don haka buƙatata a shago ta ɗan fi ta mai karanta ɓangare guda faɗi.

Abin da ya sa shagon ya fi sauran masu fotokwafin layin shi ne bangon da ke bayan kujerar Baba. Daga ƙasa har rufi kundayen rahoton shari'a ne, mafi yawansu NWLR, wato rahoton hukunce-hukuncen manyan kotunan Najeriya, wanda marigayi Gani Fawehinmi ya fara bugawa a Legas a 1985, yana fitowa mako-mako. Baba ya ce ya tara su ne daga ofisoshin lauyoyin Kaduna da Zariya da suka rufe, ko waɗanda masu su suka rasu iyalai suka fitar da littattafan. Za ki buɗe wani kundin ki tarar da hatimin ofishin da aka goge da biro, wani kuma da layukan fensir na lauyan da ya riga mu gidan gaskiya. Ba a sayar da su. Ki zauna a benci ki karanta kyauta, ko ki nuna shafukan da kike so a ɗaukar miki. A laburare galibi irin waɗannan kundaye ba a ba da aronsu a tafi gida, to a nan aƙalla kwafin naki ne, ki zana shi yadda kika ga dama.

Baba ba lauya ba ne, amma ya fi ɗaliban aji biyu da yawa iya karanta adireshin shari'a. Ki miƙa masa takarda an rubuta (1989) 3 NWLR (Pt. 109) 250, ba zai tambaye ki komai ba. Ya san na farko shekara ce, na biyu juzu'i, na cikin baka kashi, na ƙarshe shafin da shari'ar ta fara. Zai miƙe, ya taka kujera, ya sauko da shi. In kuwa kika zo da suna kawai babu lamba, sai ya ce, "Lauya, gidan da ba shi da unguwa kike so in kai ki?" Kowa Lauya yake ce masa, har wanda ya shigo makaranta jiya. Mu kuma Baba muke ce masa, ban taɓa jin wanda ya kira shi da wani suna ba.

Wannan adireshin da na kawo na shari'ar Adegoke Motors da Adesanya ne, kuma da gangan na zaɓe shi. A cikinta ne Mai shari'a Oputa ya yi maganar nan da kowane ɗalibi ya haddace, cewa ba don Kotun Ƙoli ba ta kuskure ne hukuncinta ya zama na ƙarshe ba, a'a, don shi ne na ƙarshe ake ɗaukarsa marar kuskure. Ana rubuta ta a bangon ɗakin kwana, ana sa ta a WhatsApp. Wanda ya zauna a bencin Baba ya karanta layukan da suka biyo baya zai ga mutumin bai tsaya nan ba: ya ce alƙalan kotun mutane ne masu iya kuskure, kuma in lauya ya nuna musu sun karkace a wani hukunci na baya, ya kamata ya yi ƙarfin halin neman su warware shi, domin amsa kuskure ya fi dagewa a kansa. Rabin maganar yana nuna kotu mai taƙama, cikakkiyar maganar tana nuna kotu mai tawali'u. Bambancin shafi guda ne.

Wannan ya kawo ni ga kayan da aka fi saye a shagon, waɗanda kuma su ne mafi muni a cikinsa. A kan teburin gaba akwai 'yan ƙananan littattafai masu bangon kwali kala-kala, kowane kwas da nasa, babu sunan marubuci. Kowace shari'a an ba ta layi uku ko huɗu: suna, shekara, abin da aka yanke. Mako biyu kafin jarrabawa har layi ake yi a kansu. Ba su da tsada, suna shiga aljihu, kuma araha ba ta ado.

Ɗauki shari'ar Alkamawa da Bello, wadda Kotun Ƙoli ta yanke a 1998. 'Yar taƙaitawar cewa ta yi kotu ta yanke hukunci cewa shari'ar Musulunci ba dokar gargajiya ba ce. Haka ɗalibai suke haddace ta, haka suke zuba ta a takardar jarrabawa. To amma ba a kan wannan aka je kotu ba. Rigimar gida ce daga Sakkwato. An sayar da gida, maƙwabci ya tashi ya ce shi ya fi cancanta ya saya domin yana da haƙƙin shuf'a. Tambayar da ke gaban alƙalai ita ce ko maƙwabtaka kaɗai tana ba mutum shuf'a a mazhabar Malikiyya. Kotu ta ce ba ta bayarwa. A wurin Malikawa shuf'a ta abokin tarayya ce a dukiyar da ba a raba ba, Hanafawa ne suke ba maƙwabci. Wannan shi ne ginshiƙin hukuncin, abin da muke kira reshiyo, wanda in aka cire shi hukuncin ya rushe, kuma shi ne yake ɗaure kotunan ƙasa. Maganar da Mai shari'a Wali ya yi cewa shari'ar Musulunci ba ta wata ƙabila ba ce, ba kuma ɗaya take da al'ada ba, magana ce mai nauyi, daga bakin babban alƙali, kuma ni kaina na yarda da ita. Amma masana da dama suna ɗaukarta a matsayin obita, wato zancen da alƙali ya yi a kan hanya, wanda ake girmamawa amma bai zama tilas ba. Ɗalibin da bai taɓa ganin kalmar shuf'a a shari'ar Alkamawa ba, ta yaya zai shiga wannan muhawarar? Bai ma san akwai ta ba.

Ta biyun ta fi haɗari. An rubuta wa shari'ar Aoko da Fagbemi ta 1961 cewa zina ba laifi ba ce a Najeriya. Wani ɗan ajinmu ya miƙe ya faɗi haka a aji da cikakken ƙarfin gwiwa, malamin ya cire tabarau ya tambaye shi a wace jiha yake tsaye. Abin da ya faru a shari'ar shi ne wata kotun gargajiya a tsohuwar Jihar Yamma ta kama wata mata da laifin zina, Babbar Kotu ta soke hukuncin domin babu rubutacciyar doka a can da ta ayyana wannan a matsayin laifi, kuma tsarin mulki ya hana a hukunta mutum a kan laifin da ba a rubuta ba. Ƙa'idar tana nan har yau a sashe na 36(12) na tsarin mulkin 1999. A Arewa kuwa an rubuta: Final Kod, kundin laifuka na Arewa, ya tanadi laifin a sassa na 387 da 388, sannan daga shekarar 2000 jihohi irin su Zamfara suka kawo nasu kundayen hukunce-hukuncen shari'a. Ƙa'idar ɗaya ce, sakamakon ya bambanta da inda kake. Layi uku ba za su ɗauki wannan ba.

Na taɓa tambayar Baba me ya sa yake sayar da su tunda ya san halinsu. Ya ce, "'Yata, in ban ajiye ba, na kusa da ni zai ajiye, kuma su za su biya min kuɗin haya." Gaskiya ya faɗa, ban kuma ga laifinsa sosai ba. Amma duk wanda ya tambaye shi shawara, yana ce masa ya ɗauki cikakken hukuncin. Ni dai na ji shi da kunnena yana ce wa wata 'yar aji biyu, "Wannan na tunawa ne, ba na koyo ba."

Ko a cikin NWLR ɗin ma akwai tarkon da ya kamata sabon ɗalibi ya sani. Kafin hukuncin ya fara, editoci suna jero abubuwan da aka yanke da lambobi, ɗaya, biyu, wani lokaci har ashirin da wani abu. Aiki ne mai kyau, yana taimakawa wajen nemo wuri, amma ba alƙali ne ya rubuta shi ba, kuma ba duk abin da aka sa wa lamba ne reshiyo ba. Ɗalibai da yawa, don rage kuɗi, waɗannan shafukan farkon kaɗai suke cewa a ɗaukar musu. Yaron shago ma ya saba, in ba ki yi magana ba yana iya tsayawa inda hukuncin ya fara. Ki gaya masa tun farko har ƙarshe kike so.

Yadda nake karanta shari'a ba wani sirri ba ne, kuma takarda ta fi waya daɗin yin sa. Karatun farko ba na riƙe biro, labari kawai nake bi: wane ne ya yi wa wane me. A na biyu nake bin hanyar da ƙarar ta biyo, daga wace kotu ta taso, wa ya ci a can, wa ya ɗaukaka, domin mai ƙara a ƙasa yana iya zama wanda ake ƙara a sama, kuma nan ne mutane suke rikicewa. Sai in nemo tambayoyin da kotu ta ce za ta amsa, in rubuta su a bayan takardar da kalmomina, ba na lauyoyi ba. Daga nan kowace jimlar alƙali da ta burge ni sai in tambaye ta: in na goge ki, wanda ya ci zai ci har yanzu? In zai ci, ke obita ce, komai kyanki. A ƙarshe nake karanta alƙalin da ya saɓa, in akwai, domin sau da yawa shi ne yake nuna inda hujjar masu rinjaye take da rauni.

A nan ne ɗaurarrun shari'o'in shagon suka ba ni haushi. Waɗannan su ne kwafin da aka riga aka haɗa aka yi wa ɗaurin roba, kowane kwas da nasa, don kada a yi ta sauko da kundaye. Tunani ne mai kyau, kuma sun fi sauƙin kuɗi a kan ɗauka ɗaya-ɗaya. Amma wanda ya haɗa su yana tsimin takarda. A ɗaurin kwas ɗin Tot, wato dokar cutarwa da diyya, shari'ar Donoghue da Stevenson ta 1932 tana nan, wadda wata mata a garin Paisley na Sikotilan ta ce ta tarar da ruɓaɓɓen dodon koɗi a kwalbar abin sha na citta. Jawabin alƙali Lord Atkin a kan wane ne maƙwabcinka a idon doka yana nan cif. Jawaban Lord Buckmaster da Lord Tomlin, waɗanda suka saɓa, babu su. Wanda ya karanta wannan ɗaurin zai ɗauka kowa ya amince, alhali uku da biyu aka yi, ƙuri'a ɗaya ce ta raba. Abin yabo dai an biyo ta da shari'ar Osemobor ta 1973, ta ruɓaɓɓen haƙori a cikin biskit, don ɗalibi ya ga yadda ƙa'idar ta sauka a Najeriya.

Sai matsalar gefen shafi, wadda ƙarama ce a ido amma tana ɓata aiki. Kowane shafin NWLR yana da haruffa daga A zuwa H a jere a gefensa, da su ake nuna daidai wurin da alƙali ya faɗi magana. Kundayen suna da kauri, in yaron bai danne tsakiyar littafin da kyau a kan gilashi ba, gefe ɗaya yana fitowa baƙi ƙirin, ɗaya gefen kuma haruffan su yanke. Ki koma ɗaki da shafi talatin, ki zo rubuta hujja a kotun gwaji, ki rasa ko a sakin layi na C ne ko na F. In kin duba a wurin kin nuna, suna sake ɗauka ba tare da ƙarin kuɗi ba, Baba ma yakan yi wa yaron faɗa. In kin bar rumfar kuwa, sai dai ki sake biya.

Abin da ya sa na yafe wa shagon abubuwa da yawa shi ne wani ɗan lungu a ƙasan kanta, inda Baba yake ajiye tsofaffin rahotanni na zamanin Turawa da na farkon 'yancin kai. A nan na samu shari'ar Tsofo Gubba da En'e ta Gwandu, a juzu'i na 12 na rahoton Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma, wato WACA, ta shekarar 1947. Takardar ta yi ja, tana ƙamshin tsohon akwati. Mutum ne ya kashe wanda yake neman matarsa. Kotun Sarkin Gwandu ta yanke masa kisa bisa Malikiyya, wadda ba ta ɗauki tunzurawa a matsayin abin da zai rage kisan ganganci ba. A ƙarƙashin Kiriminal Kod na Turawa kuwa tunzurawa tana sauko da laifin ƙasa da wanda ake kashe mutum a kansa. WACA ta soke hukuncin. Sarakuna da alƙalan Arewa suka ga an taɓa ikonsu, aka shiga shekaru ana gyaran doka ana sake gyarawa, shari'o'i irin na Maizabo da na Jalo Tsamiya suka biyo baya a 1957. A 1958 gwamnatin Arewa ta kira kwamitin masana ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Abu Rannat, kuma daga shawararsu aka samar da Final Kod, wanda aka ɗauko tsarinsa daga na Sudan, shi kuma daga na Indiya, ya fara aiki ranar 30 ga Satumba, 1960. Wanda ya karanta Tsofo Gubba da idonsa ba zai sake mamakin dalilin da ya sa ƙasa ɗaya take da kundin laifuka biyu ba, ko dalilin da ya sa a Kudu ake ce wa ɗan damfara 419 alhali a Final Kod zamba tana sashe na 320. Shafukan ba su da yawa, kuɗin ɗaukarsu bai kai na kwanon abinci ba.

Yanzu ga gargaɗin da ya fi kowanne muhimmanci: shagon ba ya gaya miki abin da ya tsufa. A ɗaurin gado da wasiyya akwai shari'ar Adesubokan da Yinusa ta 1971. A Babbar Kotu, Mai shari'a Mohammed Bello, wanda daga baya ya zama Alƙalin Alƙalan Najeriya, ya tsaya a kan ƙa'idar Malikiyya cewa wasiyya ba ta wuce sulusi kuma ba a yi wa magaji. Kotun Ƙoli ta juya hukuncin, ta ce Musulmi yana iya rubuta wasiyya ƙarƙashin dokar wasiyya ta Ingila ta 1837 ya raba dukiyarsa yadda ya so. Nan ɗaurin ya tsaya. Bai ce daga baya wasu jihohi, har da Kaduna da Kwara, sun yi nasu dokokin wasiyya da suka cire wanda shari'ar Musulunci ke hukunta shi daga wannan 'yancin ba. Bai kawo shari'ar Ajibaiye ta 2007 ba, inda Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yi aiki da dokar Kwara ta ƙi amincewa da irin wannan wasiyyar. Haka a kantar dokoki: tsohuwar Dokar Shaida da aka gada tun zamanin Turawa tana jingine da ta 2011, wadda sashenta na 84 ya yi maganar shaidar da ta fito daga kwamfuta. Tsohuwar dokar kamfanoni, wato CAMA, ta 1990, wadda ta ce sai mutum biyu za su kafa kamfani, tana nan kusa da ta 2020 da ta yarda mutum ɗaya ya kafa ƙaramin kamfani. Kaduna ma ta yi sabon Final Kod nata a 2017, lambobin sassa sun canza. Bangon littattafan duk kamarsu ɗaya. Yaron shago zai miƙo wanda hannunsa ya fara kaiwa. Ki buɗe ki duba shekara kafin ki zaro kuɗi.

Game da kalmomin shari'a, shagon yana da abu ɗaya da ban gani a wani wuri ba. Wani ɗan littafi ne da aka buga da tafireta, wanda Baba ya ce wani tsohon tafintan Babbar Kotu ne ya tara shi bayan ya yi ritaya. Layi uku ne a kowane shafi: kalmar Turanci ko Latin, takwararta ta Larabci in akwai, sai bayani da Hausa. Babban ƙamus na lauyoyi yana bayyana Turanci da wani Turancin, wani lokaci ki fito kin fi shiga duhu. Shi wannan tsohon ya shafe rayuwarsa yana tsaye tsakanin alƙali da manomi, don haka ya san inda mutane suke tuntuɓe. Ya ɓata rabin shafi yana bambanta ƙarar da aka cire daga jerin kotu, wadda mai ita yana iya gyarawa ya dawo da ita, da ƙarar da aka kora bayan an saurare ta, wadda ta mutu sai dai ɗaukakawa. Ya bambanta sallamar wanda ake tuhuma, wadda ba lallai ta hana a sake gurfanar da shi ba, da wanke shi, wanda ke rufe maganar. A rediyo duk "kotu ta yi watsi da ƙara" ake cewa, a hannun lauya kuwa bambancin shi ne ko mutum zai kwana da fargaba ko zai yi barci. Bayaninsa na hurumin kotu ya bi sharuɗɗan nan uku na shari'ar Madukolu da Nkemdilim ta 1962, cewa a kafa kotun daidai, batun ya kasance cikin ikonta, ƙarar kuma ta shigo ta hanyar da doka ta tsara, ya kuma zuba su da Hausar da ko kakata za ta gane.

Ɓangaren Larabcin ma yana da amfani ga masu shiga kotunan shari'a: mudda'i da mudda'a alaihi, bayyina, iƙirari, tazkiyya, hul'i. Ya yi kyakkyawan bayani a kan i'izari, wato tambayar ƙarshe da alƙali zai yi wa mai shari'a ko yana da sauran hujja kafin a yanke, wadda rashin yin ta kaɗai ya isa a rushe hukunci a sama. Inda ya kasa shi ne hauzi, wato daɗewar abu a hannun mutum har mai da'awar nasa ne ya rasa damar nema. Ya haɗa shi da dokar wa'adin shigar da ƙara ta Turawa kamar abu ɗaya ne, bai ambaci cewa a Malikiyya shekara 10 ce tsakanin bare da bare, tsakanin dangi kuma ta kai 40, sannan sai mai haƙƙin yana nan yana gani ya yi shiru ba tare da uzuri ba. Kuma in ban da Madukolu, kusan babu kalmar da ya haɗa da shari'ar da aka yi amfani da ita. Ni abin da nake yi, duk kalmar da na ci karo da ita a hukunci sai in koma littafin in rubuta sunan shari'ar a gefenta da fensir. Nawa kwafin yanzu ya fi na kanta kauri da rubutu.

Babban giɓin shagon, a wurina, shi ne hukunce-hukuncen kotunan shari'a kansu. Abin da ya kai Kotun Ɗaukaka Ƙara ko Kotun Ƙoli za ki same shi a NWLR. Amma abin da ya tsaya a Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha, wadda sashe na 277 na tsarin mulki ya ba hurumin aure da saki da gado da wasiyya da riƙon yara, da ƙyar Baba yake da shi. Ko shari'ar Amina Lawal, wadda ta taso daga Bakori ta bi ta Funtuwa, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Katsina ta soke hukuncin a watan Satumba na 2003 da rinjayen alƙalai huɗu a kan ɗaya, kuma da Hausa aka yi ta, ban same ta a nan ba. Littattafan da alƙalanmu ke kafa hujja da su, Risala da Muhtasar na Halil da Tuhfa, su ma ba ya ajiyewa. Ya ce wannan kasuwar masu littattafan addini ce a cikin birni, ba ya shiga gonar wani. Don haka ɗan ɓangaren shari'a zai samu rabin buƙatarsa ne kawai a nan.

Wasu za su ce me ya kai mutum benci alhali akwai LawPavilion da NWLR na intanet, inda za ki rubuta kalma ɗaya shari'o'i su zubo. Gaskiya ne, kuma don sanin ko wani hukunci yana nan da ransa ko an warware shi, su ne maganin abin da shagon Baba ya kasa. Sababbin hukunce-hukunce ma can za ki nema, domin kundayen Baba sun tsaya ne a inda lauyoyin da ya gada suka daina saye. Ni ina haɗa biyun: in nemo a waya, in karanta a takarda. Hukunci mai shafi sittin a fuskar waya, ido yana gajiya, yatsa yana tsallake, saƙonni suna shigowa.

Kuɗin ɗauka a zangon nan naira 30 ne shafi in akwai wuta, 50 in an tayar da janareta, kuma yana hawa duk lokacin da takarda ta hau. Ana karɓar tiransifa, amma Baba ba ya sakin kaya sai ya ga saƙo a wayarsa, ko da kin nuna masa naki. Yana ba da bashi ga wanda ya sani, yana rubutawa a wani dogon littafi. Abu ɗaya da ba ya yi ko nawa za ki biya shi ne ɗaukar littafin wani marubuci daga bango zuwa bango; babi ɗaya zai yarda, gaba ɗaya kuwa ya ce haƙƙin mutum ne, ki je ki saya. Wurin zama ya yi kaɗan, kuma in maza suka cika bencin, mata sai mu tsaya a rana da baƙaƙen kaya, sai in Baba ya lura ya ce wani ya tashi. Ya kamata ya ƙara benci ɗaya a gefen inuwa, na gaya masa, ya ce in sha Allahu.

Lokacin da ya fi dacewa a je shi ne da hantsi a tsakiyar zango, sa'ad da yaron bai gaji ba kuma Baba yana da sukunin taka kujera. Ranar Juma'a suna rufewa kafin azahar, ba sa buɗewa sai bayan la'asar. In jarrabawa ta matso kuwa, ki rubuta adireshin shari'o'inki cikakke a takarda, da kashi da shafi, ki ajiye masa da safe ki dawo da yamma, kuma ki ƙirga shafukan a gabansa kafin ki sa a jaka.